Noman kabeji: tun ranar dashe ake gama lissafin girbi

Mai sayen kabeji a kasuwar 'Yankaba ta Kano ko Farin Gada ta Jos ba ya dogon bincike. Zai ɗauki kai ɗaya ya jinjina a tafin hannu, sannan ya danna shi da babban yatsa. In ya ji nauyi, ya ji ganyen a cure gam, sai a shiga ciniki. In yatsan ya lotsa, kan ya yi sakayau, sai ya ajiye ya yi gaba, ko ya yi tayin wulaƙanci. Manomin da aka yi wa irin wannan tayi yakan koma gida yana laluben inda gizo ya yi saƙar, kuma galibi taki yake fara zargi, ko maganin feshi, ko mai shagon da ya sayar masa da iri. Waɗannan duk suna da nasu kason, amma abin da yatsan mai saye ke aunawa an yanke yawancin hukuncinsa wata biyu zuwa uku da suka wuce, a yammacin da aka ciro iri daga bedi aka dasa. Abu biyu aka tsayar a ranar: yanayin da shukar za ta tarar lokacin da take ƙulla kai, da yawan filin da kowace za ta ci ita kaɗai. Ba a sayen ko ɗaya daga cikinsu da kuɗi, kuma da zarar an kuskure su babu buhun takin da ke gyarawa. Shi ya sa nake ganin ya kamata ranar dashe da tazara su koma kan gaba a duk maganar noman kabeji a ƙasar Hausa, kuma a riƙa lissafa su tare, ana farawa daga ƙarshe: a tsayar da lokacin girbi da irin kan da kasuwa ke so, sannan a ƙirgo baya zuwa ranar yafa iri.

Ƙofar da hunturu ke buɗewa

Kabeji baƙo ne a ƙasar nan, kuma har yau bai manta da halin gidansu ba. Asalinsa wani ganyen daji ne da ke fitowa a gaɓar tekunan Turai, inda sanyi da laima suke, kuma ɗaruruwan shekarun da aka yi ana zaɓen iri ba su cire masa son sanyi ba. Ya fi sakewa idan yanayi yana tsakanin digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyos. Da zafi ya haura digiri 25 ya zauna a nan, girmansa ya fara ja da baya ke nan, kan kuma ya ƙi curewa yadda ake so. Da rana ganye yana haɗa abinci daga haske, amma shukar tana ƙona wani kaso na abincin nan dare da rana don ta rayu, kuma gwargwadon zafi gwargwadon saurin ƙonawar. Idan dare ya yi sanyi, abin da aka tara da rana yakan yi saura, sai ya wuce cikin kai. Idan daren ma da zafi, abin da aka samo da rana kusan a nan yake ƙarewa. To a Kano, a watannin Disamba da Janairu ne daren ke sauka wajen digiri 13 zuwa 14, ko da yake rana kan kai kusan 30. Zuwa Afrilu zafin rana yana kaiwa 38 zuwa 40, daren kuma galibi ba ya sauka ƙasa da 20. Haka abin yake, da ɗan bambanci, a Zariya da Sakkwato da Maraɗi da Birnin Ƙonni. A duk ƙasar da ba ta kan tsauni, ƙofar kabeji ƙarama ce, kuma hunturu ne ke buɗe ta.

Kafin a gane ɓarnar latti sai an dubi yadda kan kabeji ke samuwa. Bayan dashe shukar takan kwashe mako biyar zuwa shida tana shimfiɗa manyan ganyayen waje, masu faɗi, waɗanda ake zubarwa ko a ba dabbobi ranar girbi. Waɗannan ganyaye su ne gonar shukar, su ke kama rana su ciyar da duk abin da zai biyo baya. Sai sun kai wani adadi da wani faɗi sannan sababbin ganyayen tsakiya su fara lanƙwashewa ciki, wannan ya rufe wancan. Daga nan kan yana cika ne ta ciki: sabon ganye ya fito a tsakiya, ba shi da hanyar fita, sai ya cusu cikin na gabansa, har wurin ya toshe ya yi tauri. Wanda ya raba kan kabeji biyu da wuƙa zai ga wannan tarihi a rubuce. Na cikin sanyi ganyensa a jere suke, a matse, babu inda allura za ta bi, ƙashin tsakiyar gajere. Wanda zafi ya riska akwai kogo tsakanin ganye da ganye, ƙashin ya yi tsawo, wani lokaci ma gefen ganyen ciki ya ƙone ya yi duhu, domin ganyen waje sun zuƙe ruwan da ke ɗauko sinadarin kalsiyam don su tsira daga zafi, na ciki bai samu rabonsa ba. Matakai biyu ke nan, kuma na biyun, wato mako huɗu zuwa shida na cikar kai, shi ya fi buƙatar sanyi.

Daga nan lissafi ya fito fili. Irin da aka fi sani a lambunanmu, kamar Copenhagen Market, wanda ya samo sunansa daga babban birnin Denmak, da irin aure masu alamar F1 a jikin gwangwani, irin su Gloria da Oxylus, sukan nuna cikin kwana 65 zuwa 90 bayan dashe. Kafin dashen kuma sai iri ya yi mako huɗu zuwa biyar a bedi, ya fitar da ganye huɗu ko biyar. Manomin da ke so cikar kai ta faɗo a tsakiyar ɗari, daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, sai ya yi dashe a farkon Nuwamba, ya yafa iri a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. A kwatanta shi da maƙwabcinsa da bai yi dashe ba sai tsakiyar Janairu. Shi wannan maƙwabcin, ganyen waje ne suka cinye ragowar sanyin, kan zai fara ƙulluwa a ƙarshen Fabrairu, ya yi cikarsa a Maris, ya nuna bazara na bakin ƙofa. Irinsu ɗaya, ƙasarsu ɗaya, takinsu ɗaya, amma ɗaya ya ciyar da kai da sanyi, ɗayan ya ciyar da ganyen da za a ba awaki. Manoman alkama na Kadawa da Kura sun daɗe da sanin wannan darasi, shi ya sa ake jaddada musu shuka daga tsakiyar Nuwamba. Kabeji ma ɗan sanyi ne kamar alkama, sai dai shi an fi barin ranar dashensa ga yadda ta kama.

Zafi kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Babban maƙiyin kabeji a duniya wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai fiffike, ruwan toka, wanda masana ke kira Plutella xylostella. Tsutsarsa koriya ce, tsawonta bai wuce farcen ɗan yatsa ba, in an taɓa ta sai ta yi mutsu-mutsu da baya ta sulale ƙasa a kan wani siririn zare. Tana kankare ganye ta ƙarƙashi ta bar fatar sama shara-shara, har a hango haske ta ciki. A cikin zafi, daga ƙwai zuwa uwa mai saka nata ƙwan kusan mako biyu ne, a cikin sanyi kuma lokacin kan ninka. Wanda ya yi latti ya gamu da ita a daidai lokacin da take saurin hayayyafa, kuma ta riga ta tara zuriya a lambunan waɗanda suka riga shi. Feshi ba ya cika fitar da shi, domin ƙwaro ne da ya shahara wajen sabawa da guba: tun a 1953 aka gano a tsibirin Java na Indunusiya cewa maganin DDT ya daina kashe shi, kuma tun daga nan yake bijire wa magunguna ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma wata tsutsar mai son zafi da ke shiga zuciyar ƙaramar shuka ta cinye tohon tsakiya, sai shukar ta fito da ƙananan kawuna uku ko huɗu da babu mai saye. A ɗaya gefen, wanda ya yi gaggawar dashe cikin ruwan Agusta yana fuskantar ciwon baƙar ruɓa, wanda ke farawa daga gefen ganye da rawaya mai siffar kan mashi, jijiyoyin su yi baƙi, fantsamar ruwan sama kuma ta kai shi daga shuka zuwa shuka. Tsakanin ruɓar damina da tsutsar bazara akwai 'yar hanya, kuma ita ce lokacin dashen da ake magana.

Kamu ɗaya tsakanin shuka da shuka

Abin da lokaci ke yi wa kabeji ta fuskar sanyi, shi tazara ke yi masa ta fuskar rana da ruwa da abinci. Saiwar kabeji ba ta nitsewa sosai, yawancinta a saman ƙasa take yaɗuwa, ganyen waje kuma idan sun sake sukan rufe fili mai faɗin rabin mita ko fiye. Tunda nauyin kai ya rataya a kan faɗin waɗannan ganyaye, duk abin da ya hana su shimfiɗuwa ya rage kan. A ɗauki fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, ba tare da cire gurbin hanyar ruwa ba. Idan an bar santimita 30 ta kowane gefe, zai ɗauki shuka 1,111. Idan an bar 45, zai ɗauki 493. Idan an yi 60 tsakanin layi da layi, 45 tsakanin shuka da shuka, 370 ne. Idan 60 ce ta kowane gefe, 277 ne. Rana ɗaya ce ke haska filin, ruwa ɗaya ake kora masa, taki ɗaya ake zuba masa, bambancin kawai baki nawa ne za su raba. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A cunkoso ganye yana hawa kan ganye, na ƙasa ya yi rawaya ya mutu, shukar ta miƙe sama tana neman haske, masu ƙarfi su danne raunana, a wayi gari wasu ba su ƙulla kai ba sam bayan sun ci ruwa da taki na wata biyu. Iska ba ta ratsawa, raɓa ta daɗe a jikin ganye, darɓa da tsutsa su samu maɓoya inda feshi ba ya kaiwa.

Amma sakin fili barkatai shi ma hasara ne, kuma lissafi kaɗan ya isa nuna inda ma'aunin yake. A ƙaddara shuka 493 ɗin nan kowace ta ba da kai mai kilo ɗaya da rabi, jimilla kusan kilo 740. Kafin mai shuka 277 ya kamo wannan nauyi, sai kowane kai nasa ya kai kusan kilo 2.7, abin da ƙaramin iri mai saurin nuna ba ya kaiwa komai filin da aka ba shi, domin kowane iri yana da iyakar girmansa. Filin da ganye bai rufe ba rana ce ke busar da shi, ciyawa ke cin takinsa, kuma kan da ya samu ɗaki fiye da kima yakan yi saurin fashewa idan ya nuna. Shi kuwa mai shuka 1,111 kai mai kashi biyu cikin uku na kilo ya ishe shi ya kamo kilo 740, kuma a kan sikeli ma yana iya wucewa. Wannan ne ke jan manoma zuwa cunkoso, kuma ba ƙarya suke gani ba: ƙara yawan shuka yakan ƙara jimillar nauyi har zuwa wani matsayi, yayin da nauyin kowane kai ke raguwa. Sai dai abin da ke shiga aljihu shi ne nauyin kawunan da suka saisu, bayan an ware ƙanana da sako-sako da waɗanda tsutsa ta ɓata. Ga iri matsakaici a cikin hunturu, ma'aunin yakan tsaya ne wajen santimita 45 zuwa 50 tsakanin shuka da shuka, da 50 zuwa 60 tsakanin layi da layi. Santimita 45 kuwa ba baƙon awo ba ne a wurin Bahaushe, kusan kamu ɗaya ne, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Kara guda da aka yanka daidai wannan tsawo, da igiya a ɗaure tsakanin turaku biyu, sun isa su daidaita fangali gaba ɗaya.

Wanda zai ci kabejin shi ma yana da bakin magana a wannan awo. Uwargidan da ke son kwaɗo ko salak na yini ɗaya kai matsakaici take nema, wanda za a gama kafin ya yanƙwane. Mai tsire da mai gidan abinci da ke yankawa da yawa sun fi son manya, don asarar ganyen waje ta ragu. Mai lodi zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas kai mai tauri yake so, wanda zai jure matsi a cikin buhu da doguwar tafiya. A nan ne lokaci da tazara ke komawa shawara guda. Dashen farkon Nuwamba da babban iri yana da isasshen sanyin da zai cika babban kai, don haka ya cancanci fili mai yalwa. Dashen da ya makara ba zai kai wannan girma ba ko an sakar masa gona, don haka ya fi dacewa da iri mai saurin nuna da tazara matsakaiciya, a tsere da shi kafin bazara. Dashen damina kuwa yana buƙatar kunya mai tudu da ƙarin tazara don iska ta busar da ganye. Wanda ya riƙe awo ɗaya ga kowane iri da kowane wata ya raba abin da ba ya rabuwa.

Hujjojin masu ja

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta kasuwa. Manomi zai ce in kowa ya dasa a farkon Nuwamba, kowa zai girbe a Janairu da Fabrairu, kabeji ya cika kasuwa, farashi ya faɗi warwas, alhali wanda ya kauce wa lokacin ko kansa ƙarami ne zai sayar da tsada. Wannan gaskiya ce, kuma kabeji ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a jira. Amma amsar tana cikin faɗin ƙofar kanta. Daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Disamba akwai kusan mako bakwai, kuma manomin da ya raba dashensa kashi uku, da ratar mako biyu tsakani, zai yi ta yanka daga ƙarshen Disamba har zuwa Fabrairu maimakon ya kwashe komai rana ɗaya ya miƙa wuya ga dillali. Kason farko, in iri mai saurin nuna ne, yana iya riskar cinikin Kirsimeti da sabuwar shekara. Azumi kuma, lokacin da ake cin kayan lambu da yawa, yana matsowa da kusan kwana 11 a kowace shekara, a 2025 ya cika watan Maris, kuma a shekarun da ke biye zai yi ta shigowa cikin hunturu. Mai ƙirgo baya daga ranar da yake son sayarwa yana iya kama waɗannan lokuta. Noman bayan lokaci kuma halal ne ga wanda ya shiga da ido buɗe, ya san zai ƙara kashe kuɗin ruwa da magani, ya zaɓi irin da ya dace. Abin da nake ja da shi shi ne lattin da ba a yi niyya ba, wanda ake fakewa da farashi bayan ya faru.

Hujja ta biyu ta fi kusa da ƙasa. A Oktoba gonar ba ta sake ba, shinkafar damina tana tsaye a Kura da Bunkure, dawa ba ta nuna ba, fadama tana cike da ruwa, hannu kuma duk yana wajen girbi. Wannan ma gaskiya ce, amma kabeji yana da wata dama da alkama ba ta da ita, wato watansa na farko a bedi yake yinsa. Giram ɗaya na iri yana ɗauke da ƙwaya kusan 300, giram biyu sun isa filin shuka 493 har da rara, kuma renonsu bai wuce gurbin tabarma ba. Ana iya tayar da bedi mai tudu a bayan gida a ƙarshen Satumba, a yi masa 'yar rumfa ta kare shi daga ruwan ƙarshen damina, ta yadda ranar da aka yanke shinkafa iri yana nan a shirye. Latti yakan samu ne idan an jira gona ta sake sannan aka fara tunanin sayen iri, a nan wata guda ya tafi a banza. Sai dai a yi hattara da ɗaya kuskuren: irin da ya wuce mako shida a bedi yakan yi tsawo ya tsufa, in an dasa ya daɗe bai kama ba. Ranar yafa iri da ranar sakin gona dole su san da juna.

Wasu za su ce ai yanzu akwai iri mai jure zafi, irin su KK Cross da Oxylus, don haka zancen lokaci ya zama tsohon yayi. Waɗannan iri ci gaba ne na gaske, su suka ba da damar noman kabeji a wurare masu zafi na Afirka ta Yamma inda tsohon iri ba ya ƙulla kai. Amma juriya daban, so daban. Iri mai jure zafi yakan ƙulla kai inda wani zai gaza, duk da haka a cikin sanyi ya fi nauyi, kuma juriyarsa ba ta hana tsutsa cinsa. Tsadarsa ma hujja ce a kan mai cunkoso, domin wanda ya dasa 1,111 a gurbin 493 ya sayi iri fiye da ninki biyu. Wasu kuma za su kawo misalin Jos, inda ake noman kabeji rani da damina. Jos tana kan tsauni mai tsayin kusan mita 1,200, Kano kuwa ba ta kai 500 ba, kuma iska tana ƙara sanyi da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau. Manomin Filato yana da ruwan sama mai yawa da damina, da rani kuma yana ban ruwa daga rafuka da tafkunan da haƙar kuza ta bari. Shi zafi bai matsa masa ba, ruɓar damina ce ke damunsa, don haka tazara da kunya suka fi masa muhimmanci. Kwafo kalandar Jos a kai ta Haɗeja ko Jiratawa kuskure ne, darasin da ke cikinta shi ne kowane yanki ya san tasa ƙofar.

Saura hujjar da ke cewa babu awo ɗaya da zai dace da kowa, ƙasa ta bambanta, iri ya bambanta, kasuwa ta bambanta. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma shi ya sa alƙaluman da ke sama mafari ne kawai. Sai an gwada akan san na ƙwarai, gwajin kuma bai fi ƙarfin ɗan lambu ba. Ya ware fangali uku a jere, iri ɗaya, rana ɗaya, ya dasa ɗaya a santimita 35, ɗaya a 45, ɗaya a 60, ya yi musu hidima iri ɗaya. Ranar girbi ya ƙirga kawunan da suka saisu a kowane fangali da kuɗin da suka kawo, ya rubuta tare da ranar dashe. Shekara biyu na irin wannan rubutu za su gaya masa abin da ya dace da ƙasarsa fiye da kowace takarda da aka buga a wata ƙasa.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa

A da, lokacin da man fetur ke da araha, ana iya rufe kuskuren latti da yawan ban ruwa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 farashinsa ya ninka sau uku da ƙari, kuma kowace awa da injin ban ruwa ya yi yana aiki tana fitowa ne daga ribar manomi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kabeji na buƙatar ruwa milimita 380 zuwa 500 daga dashe zuwa girbi, kuma a zafin Maris ƙasa tana bushewa da sauri fiye da na Disamba. Mai latti yana ƙara sayen mai da magani don ya samu kai mafi ƙanƙanta, yawan feshin kuma yana ƙarewa ne a cikin ganyen da ake ci ɗanye da tsire da kwaɗo. Ƙasar da ta gina madatsar ruwa ta Tiga tun 1974, ta kashe maƙudan kuɗi a shirin Fadama tun farkon shekarun 1990, bai kamata ta bar wannan ilimi mai arha a baya ba. Cibiyoyin bincike irin ta Samaru a Zariya da malaman gona na jihohi za su iya fitar wa kowane yanki kalandar dashe da Hausa, a karanta a rediyo tun watan Satumba, lokacin da take da amfani. Masu kula da madatsun ruwa su sanar da ranar sakin ruwa da wuri, don mai bedi ya san ranar da zai ƙirgo daga gare ta. Masu sayar da iri su tanadi kaya kafin ƙarshen damina, su gaya wa mai saye kwana nawa irin ke yi da girman da yake kaiwa.

Kafin duk waɗannan su samu, abin da ya fi yawa yana hannun manomi. Farashin taki da na mai da tayin dillali duk wasu ne ke yankawa, shi sai dai ya karɓa. Ranar da zai yafa iri da tsawon karan da zai auna tazara kuwa nasa ne, babu mai yanke masa. Da sanyin safiya ake kama fara, safiyar kabeji kuma ƙarshen Satumba ce, lokacin da ruwa ke shirin ɗaukewa, hankalin kowa yana kan hatsi. Wanda ya tayar da bedi a wannan lokacin, ya yanke karansa kamu ɗaya ya jingine a bango, zai iya miƙa kabejinsa ga mai saye a Janairu ya bar shi ya danna da yatsa yadda ya ga dama.